Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Fadar Damagaram da hukumomin Zinder a kan tsofaffin gine-ginen Birni da Zango

Zuwa ga Mai Martaba Sultan na Damagaram da 'yan majalisarsa, da Mai Girma Gwamnan jihar Zinder, da shugabannin ma'aikatar magajin gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girman da ya kamaci ɗa zuwa ga iyayensa, ina neman izini in yi magana a gaban jama'a a kan tsofaffin gine-ginen garin nan. Na kawo ta fili ne domin ta shafi fada, ta shafi gwamnati, ta kuma shafi duk wanda ke da gidan gado a tsofaffin unguwannin Birni ko Zango, har da 'yan Damagaram da ke zaune Yamai da Kano da ƙasashen waje. Idan wata kalma ta yi nauyi, a gafarce ni, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ranar Talata 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin Birni ya zube bayan ruwan sama mai ƙarfi. Masallaci ne da aka gina wajen 1850, ya yi sama da shekara 170 ana kiran salla a cikinsa, bayan na Agadas kuma da wuya a ambaci wani masallacin ƙasa a Nijar kafin a ambace shi. Hotunan faɗuwarsa sun yawata a wayoyi har ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Damagaram ba. Daminar shekarar ta yi ɓarna a ƙasa baki ɗaya, ta ci ɗaruruwan rayuka, ta rushe dubban gidaje, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun ce ƙaddara ce, kuma mun yi imani da ƙaddara. Sai dai duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san gini ba ya faɗuwa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Yakan tsage, gindinsa ya rame, azara ta fara lanƙwasa, ƙasa ta riƙa zubowa daga rufi da dare. Ruwan da ya kayar da shi ƙarasawa kawai yake yi. Duk abin da aka ɗora a wannan fili, komai kyansa, hannun maginan zamanin Sarki Tanimun ya riga ya tafi. Damuwata yanzu ita ce sauran gine-ginen da ke tsaye, waɗanda da yawansu suna nuna alamun nan a yau ɗin nan.

Mai Martaba ya fi ni sanin tarihin gidansu, amma zan ɗan maimaita saboda matasan da za su karanta. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta kai ƙarfin da har ana ƙera igwa a cikin garin nan, aka kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri. Zango kuwa masaukin fatake ne, Buzaye da Larabawan Gadamas da Tarabulus da Hausawa da Barebari, can attajirai irin su Malam Yaro suka gina gidajensu. Baturen nan Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim, a nan ya zauna daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853 yana jiran saƙon kuɗi daga arewa, domin Zinder ce wurin da saƙon Tarabulus ke iske mutum. A nan aka kashe Kaftin Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a watan Mayu na 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 aka yi yaƙin Tirmini, Faransawa suka shiga gari, suka gina bariki a kan dutse suka sa masa sunan kaftin ɗinsu. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin ƙulla makirci, suka kai shi Kodibuwa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasar, kafin a mayar da shi Yamai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ya faru ne a wani zaure, ko wata ƙofa, ko wani fili da har yanzu tsofaffi za su iya nunawa da yatsa. In ginin ya tafi, tsohon da ya san wurin ma ya tafi, abin da zai saura sai jimla ɗaya a littafin makaranta.

Ba mu da teku, amma arzikin garin nan da karyewarsa duk da tashoshin jiragen ruwa suka ɗauru. Gashin jimina da hauren giwa da jemammun fatu da suka bar Zango a kan raƙuma, ta Ayar da Gat da Gadamas, a bakin tekun Tarabulus ake loda su a jirgi. Daga can yadi da takarda da sukari da bindigogi suke biyo hanyar su dawo. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kaya suka juya kudu zuwa Legas, ayarin arewa ya ja baya, gyaɗa ta maye gurbin gashin jimina. Shi ya sa nake ganin garuruwan da ya fi dacewa mu duba su ne tsofaffin biranen bakin teku da ciniki ya yi wa ƙaura kamar yadda ya yi mana.

Ga Sanluwi ta Senegal, wadda mutanenta ke kira Ndar, a inda kogin Senegal ke gangarawa teku. Ita ce babban birnin Senegal har 1957 da aka koma Dakar, irin abin da ya same mu da Yamai. Tashar jiragenta ta daɗe da mutuwa, amma gidajen 'yan kasuwa masu baranda da rumbunan ajiya na bakin kogi suna nan, gadar ƙarfe ta Faidherbe da aka buɗe a 1897, mai tsawon sama da mita 500, an sabunta ta ana bin ta, kuma a 2000 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsibirin da tsohon garin yake a kai cikin kayan tarihin duniya. Duk da haka teku na cinye unguwannin masunta, wasu tsofaffin gidaje kuma suna zubewa don magada sun kasa gyara. Ga Garan Basam ta Kodibuwa, babban birnin farko na ƙasar, wadda cutar shawara ta kori Turawan mulki daga cikinta, daga baya buɗe tashar Abijan a farkon shekarun 1950 ya kashe kasuwarta, har hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora ta daina aiki. Hasumiyar tana nan ba a rushe ta ba, garin kuma ya shiga jerin UNESCO a 2012. Na uku shi ya fi ba ni tsoro. A Zanzibar akwai babban gidan da Sultan Bargash ya gina a bakin ruwa a 1883, ana ce masa Baitul Aja'ib. Tsohon garin yana cikin jerin UNESCO tun 2000, baƙi na tururuwa, kuɗin waje na shigowa, amma a watan Disamba na 2020 wani sashe na gidan ya rufta. Shekaru aka yi ana ganin yana lalacewa kafin a tashi gyara. Ke nan shiga jerin UNESCO da zuwan baƙi ba su isa su tsare gini ba in babu mai duba shi kowace shekara.

Na faɗi haka ne domin tun 2006 sunan tsohon garin Zinder, wato Birni da fadar sarki, yake cikin jerin wuraren da Nijar ta ce tana da niyyar gabatarwa ga UNESCO. Agadas ta bi wannan hanya ta kai a 2013. Ina so mu ma mu kai, amma in aka ci gaba a yadda ake, ranar da masu bincike za su zo dubawa ba za su tarar da abin da aka rubuta musu ba.

Bari in faɗi abin da ke kashe ginin ƙasa a garin nan, don wanda ke zaune a ofis mai siminti zai iya ɗauka ruwan sama ne kawai. Na taɓa bin wani dattijon magini cikin lungunan Birni bayan damina. Mun tsaya gaban wani soro mai zankwaye da zanen dagi a saman ƙofa, masu gidan sun shafe fuskarsa da siminti don su huta da yaɓe. Daga nesa ka ce sabon gini ne. Dattijon ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, muka ji yana amsawa kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Ya sa farce a wata 'yar tsaga, ɓawon simintin ya ɓalle kamar tafin hannu, ƙasar da ke bayansa jiƙe sharkaf, gara ta yi hanyoyi a ciki. Ya ce ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa, in rana ta fito sai ta bushe, amma in ka rufe ta da siminti ruwa zai shiga ta tsaga ya rasa mafita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da zai zauna gaba ɗaya. Sannan ya ɗaga kai ya nuna mini indararo. Ya karye tun bara, ruwan soro yana zubowa a jikin bango, ya sassaƙa kwari daga sama har ƙasa. Gyaran indararon nan bai kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba.

Abu na biyu yana ƙasa. Lungunan Birni sun taso saboda shara da ɓaraguzan gidajen da suka faɗi, har wasu zauruka yanzu gangarawa ake yi a shiga. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan unguwa, an cike wasu an yi gini a kai. Birni kuma a kan duwatsu take, ruwa ba ya nutsewa da sauri, gudu yake yi ya nemi inda ya fi gangare. In magudana ta toshe da leda, sai ya kwanta a gindin bango kwana biyu ko uku. Ginin tubali yana jure ruwan da ya sauko masa daga sama in rufinsa na da kyau, amma ba ya jure wanda ya kwanta masa a gindi.

Abu na uku ya fi ciwo, shi ne ƙarewar masu sani. Ginin Hausa ilimi ne mai zurfi: yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a yi tubali, yadda ake zaɓen azarar giginya wadda gara ba ta ci, yadda ake ɗaurin guga a rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya, yadda ake jiƙa makuba daga ɗorawa a shafe bango ya ƙi ruwa, yadda ake haɗa laso da katsin marina da gashin majema da dafara a rufe soro. Marina da majema da magina sana'o'i ne da ke ciyar da juna, in ɗaya ta yi rauni sauran ma sun ji a jika. Yau yaron magini ya ga ubansa ya tsufa ba shi da komai, ya ga mai aikin bulo yana samun kuɗin cefane kullum, wa zai zarge shi in ya bi bulo? Mu ne muka mayar da ginin ƙasa alamar talauci. Alhali a Yama ta jihar Tawa, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya soma ginawa a 1962 ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986, duniya ta san sunan magini Bahaushe ɗan Nijar. A Dandaji, ita ma a Nijar, maimakon a rushe tsohon masallacin garin, an gyara shi an mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa. A Jenne ta Mali, gari ne gaba ɗaya ke fitowa kowace shekara a yaɓe babban masallaci, yara na ɗibar ruwa, samari na kai laka, magina na kan bango. Damagaram da ke tara dubban mutane a hawan salla da Wasan Kara ba za ta kasa tara su ranar yaɓe ba.

Ranka ya daɗe, a nan ne maganar ta fi shafar fada. Abin da sarki ya kira, jama'a na amsawa fiye da abin da takardar ofis ta kira. Ina roƙon a sa rana a kowace shekara, cikin rani, da za a yi gayyar yaɓen fada da tsofaffin masallatai da guntayen ganuwar da suka saura, Mai Martaba ya fito da kansa a buɗe aikin, a yi shi da kakaki da algaita yadda saurayi zai ji alfahari a gan shi da laka a hannu. A ɗaukaka sarautar magina, a tara dattawan sana'ar a ji daga bakinsu wane gini ne ke gab da faɗuwa, a ba kowane ɗaya almajirai da ɗan abin da zai riƙe su. Masu unguwanni kuma su zama idon fada, in an ga soro ya tsage a kai labari a makon, kada a jira damina.

Ga Mai Girma Gwamna da ma'aikatar magajin gari, abin da nake nema ba ya buƙatar jiran wata ƙungiyar waje. Nijar tana da doka tun 1997 a kan kare kayan tarihi da al'adu. Doka kuwa ba ta kare abin da ba a ƙidaya ba. A bi Birni da Zango gida gida, a rubuta kowane tsohon soro da zaure da masallaci, a ɗauki hoto, a auna, a rubuta sunan zuri'ar da ke da shi da abin da suka sani na tarihinsa, a ware masu buƙatar gaggawa. Ɗaliban tarihi da na nazarin ƙasa na Jami'ar André Salifou ta Zinder za su iya wannan aiki tare da magina da ma'aikatan gidan tarihi na jiha, kuma abin da za a kashe bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba. Har da gine-ginen zamanin Turawa nake nufi. Ba don muna ƙaunar mulkin mallaka ba, sai don su ne shaidar shekara 15 da garin nan ya yi yana riƙe da ƙasar, kuma yaro ya fi gane abin da aka yi wa kakanninsa in ya ga wurin da aka yi shi.

Sannan a ware kuɗin kula da su a kasafin kowace shekara, komai ƙanƙantarsa. Mun ga abin da bikin Zinder Sabuwa, wato bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba 2018, ya kawo na hanyoyi da gine-gine, mun gode. Amma biki sau ɗaya yake zuwa, damina kuwa kowace shekara ce. Kuɗi kaɗan da ke fitowa a kan lokaci ya fi amfanar ginin ƙasa a kan miliyoyin da za a nema bayan ya zube. Yashe magudanan Birni kafin ruwan farko, da hana cike kududdufan da suka rage, su ma aikin ceton tarihi ne ko da ba a kira su haka ba.

Ba zan ɓoye abin da ke da wuya ba. Yawancin gidajen nan na mutane ne, mutanen kuma ba masu hali ba ne. Gida ɗaya zai iya samun magada masu yawa, wasu na Yamai, wasu na Libiya, wanda ke ciki tsohuwa ce da jikokinta. Babu mai sa kuɗinsa a gidan da ba nasa shi kaɗai ba, don haka kowa ke jiran kowa har soro ya faɗi a sayar da fili a raba. Uwar da ta kwana zaune tana kallon rufi na ɗiga a kan 'ya'yanta tana da haƙƙi ta so kwano da bulo, kuma wanda zai ce mata ta haƙura saboda tarihi bai yi mata adalci ba. In hukuma za ta ce kada a rushe, kada a shafa siminti, to sai ta zo da wani abu a hannu: magini kyauta, ko azara, ko sassaucin haraji, ko taimakon gyara rufi ga wanda ya yarda ya bar fuskar gidansa yadda take. Alƙalai da malamai su taimaka a samo hanyar da magada za su wakilta mutum ɗaya ya tsaya a kan gyara. Attajiran Damagaram da Allah ya buɗa wa, waɗanda ke gina sabbin masallatai a bakin hanya, ina tunatar da su cewa tsare tsohon masallacin da ake salla a ciki shi ma sadaka ce mai gudana. Kamfanonin da ke cin arzikin jihar, har da matatar mai ta SORAZ, a gabatar musu da jerin gine-gine da kuɗin kowane ɗaya, kowa ya ɗauki abin da zai iya.

Akwai kuma abin da nake fata kada a tsallake in an zo rubuta tarihin wuraren. Ayarin da ya bar garin nan zuwa arewa ba fatu da gashin jimina kaɗai ya ɗauka ba, ya ɗauki bayi, 'ya'yan mutane. Tsibirin Gore da ke gaban Dakar ya shiga jerin UNESCO tun 1978 saboda ya tsaya a matsayin tunawa da cinikin bayi ta teku. Mu ma muna da namu kason na wannan labari ta hamada, kuma zuri'ar waɗanda abin ya shafa 'yan'uwanmu ne da muke sahu ɗaya da su. Faɗin gaskiya cikin ladabi ba zai rage wa Damagaram daraja ba.

Lokacin wannan aiki sananne ne ga kowane magini. Ana haƙar ƙasa a cuɗa ta bayan an kawar da amfanin gona, a yi tubali cikin sanyi, a yi yaɓe da gyaran rufi cikin rani, komai ya bushe kafin hadarin farko. In watan Mayu ya kama ba a gama ba, an rasa shekarar. Don haka nake roƙon a kira zama ɗaya a fada da zarar an gama girbi, a haɗa masu unguwannin Birni da Zango, da dattawan magina, da wakilan gwamna da na magajin gari da na jami'a, a fito da sunayen gine-gine goma da suka fi kusa da faɗuwa, a faɗa wa jama'a ta rediyo wane ne ya ɗauki nauyin kowane ɗaya da ranar da za a soma.

Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana, ya yi wa shugabanninmu jagora.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan Birni, Damagaram